Ga Mai Komawa Gida da Kaka, Kyamara a Hannu

Ɗana, idan kana cikin waɗanda suka shekara ashirin ko talatin a Legas, Abuja ko Fatakwal suna cewa "in Allah ya yarda gida zan koma," ga shi kuma bana Allah ya yarda, to ina taya ka murna har cikin raina. Ginin da ka yi ta aika wa kuɗi kaɗan-kaɗan ya samu rufi da ƙyaure, an ɗaure katifu da buhunan kaya, an yi ciniki da mai mota. Ka kuma iya zaɓen lokaci, domin babu lokacin shiga ƙauye irin kaka. Hanya ta bushe, mota ba za ta kafe ba, kowane gida akwai abin sawa a tukunya, fuskokin mutane a sake suke. Na san a aljihunka akwai waya mai ɗaukar hoto tangaram, wataƙila ma ka sayi kyamara ta musamman, kana ɗokin ka ɗauki duk abin da ka daɗe kana gani a mafarki. Ban zo in hana ka ba, so nake ma ka ɗauka da yawa. Abu ɗaya nake so ka riƙe. Baƙo ɗan yawon buɗe ido yakan ɗauki hoto ya wuce, ba a ƙara ganinsa. Kai kuwa gobe da asuba a sahu ɗaya za ka tsaya da mutumin da ka ɗauki gonarsa, matarka za ta shiga gidansa barka, 'ya'yanka za su yi wasa da nasa. Ka ɗauki hoto irin na wanda ya zo zama.

Zan yi maka magana ne a kan ƙasar da na fi sani, arewacin Kano da Jigawa, daga Ɗambatta zuwa Kazaure, Ɓaɓura, Gumel har Maigatari a bakin iyaka. A nan ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Gero ne ke fara shigowa. Tun kafin a girbe shi yara sun fara gasa tumu a bakin gona, kuma in ka iso a kan kari za ka tarar an kwantar da kara, ana yankan zangarniya, ana ɗaurin dami. Daga nan sai agazari, wannan zafi mai nauyi da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, wanda ke ƙarasa nunar dawa. A cikinsa ake cirar gyaɗa da roron wake, a naɗe harawa a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki don dabbobi. Riɗi kuwa yanke shi ake yi tun bai gama bushewa ba, a ɗaure shi ƙunshi-ƙunshi a jingine a tsaye, don in aka bar shi ya bushe a gona sai kwanson ya fashe ƙwayar ta zube. Nuwamba na kamawa zoɓo ya yi jawur a gefen gonaki, mata da yara sun zauna ana ɓara, kaura da farfara sun sunkuya saboda nauyi. Maiwa ce kan zo a ƙarshe. Duk wannan cikin wata biyu zuwa uku yake faruwa, kuma gonar da ka gani ran Juma'a ba ita za ka tarar wata Juma'ar ba. Idan ka ce sai ka gama jera kujeru da kafa labule za ka fita, to ka bar wa baɗi.

Kada ka je kana neman kakar Turai a Gumel. Na san ka ga hotunan Kanada da Jamus inda dazuzzuka ke rikiɗa su koma ja da rawaya kafin sanyi, kuma wayarka tana da maɓallan da za su rina hoto ya yi kama da haka. Ka ƙyale su. Tasu kakar a jikin itatuwa take, tamu a gona take da masussuka. Launinmu shi ne ruwan ƙasa na busasshen kara, ruwan zuma na zangarniyar kaura, jan zoɓo mai duhu, jan kyasuwa idan ta tsufa a bakin hanya, da tokar sararin sama idan hazo ya fara sauka. Wanda ya ƙara wa waɗannan rini ya ɓata shaida, kuma jikanka da zai kalli hoton nan gaba shaida yake nema.

Akwai itace guda da nake so ka tsaya a kansa sosai, gawo. Yawancin itatuwanmu da damina suke ado, rani na zuwa su tuɓe. Kuka tana zubar da ganye bayan ruwa ya ɗauke, shi ya sa za ka ga ana gaggawar tsinko ganyenta a shanya don miya. Rimi ma yakan kaɗe. Gawo shi kaɗai ya saɓa. Da damina yana nan fayau babu ganye, har baƙo ya ɗauka ya mutu, sai kaka ta kama ya fara tofo, ya yi kore shar a daidai lokacin da komai ke bushewa. Manomi ya san amfanin wannan tun kafin masana su rubuta shi. Da damina gawo ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi a gindinsa. Ka lura da geron da aka shuka a ƙarƙashin gawo, ka gwada shi da wanda ke taku ashirin daga nan, za ka ga bambanci a tsawon kara da kaurin zangarniya. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Idan ka samu hoto guda da ya haɗa gawo mai sabon ganye, kuka tsirara a bayansa, da dammunan gero a jere a gabansa, ka kama kakar ƙasarmu gaba ɗaya a fuska ɗaya. Irin wannan hoto sai wanda ya san abin da yake kallo.

Batun haske kuwa, ka bi lokutan salla, sun ishe ka jagora. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, nan ne hasken ke zuwa a kwance, yana fito da zanen kunya-kunya a gona da saƙar jikin rumbu. Da rana tsaka komai yakan yi fari fat, malfa ta jefa inuwa a fuskar manomi har ba a gane shi. Idan mutum za ka ɗauka, ka taɓa fuskarsa a allon wayar kafin ka danna, don ta auna hasken da fatarsa. In ba haka ba za ta auna da sararin sama, ya fito baƙi ƙirin. Kada ka jawo abu da yatsu daga nesa, hoton dusashewa yake yi. Ka taka da ƙafarka ka matsa. Ka tsuguna daidai tsayin abin da kake ɗauka, zangarniya ce ko ɗan akuya. Wuri ɗaya ne nake ba ka shawarar ka fuskanci rana: wajen shiƙa da yamma, inda ƙaiƙayi ke tashi a iska hasken ya ratsa shi. Amma wajen shiƙa wurin mata ne, kuma zan zo kan wannan.

Daga Nuwamba iskar arewa maso gabas za ta fara kawo ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ƙura ce mai laushi ƙwarai, tana shiga ko'ina. Ka hure gilashin kyamara tukuna sannan ka goge da ƙyalle mai taushi, domin in ka murza da bakin riga ƙurar za ta karce shi. Mai kyamarar da ake canja wa gilashi kada ya buɗe ta a fili. Ka tanadi ɗan faifan sola da batirin ajiya, wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a can. Sannan ka kula da ƙafarka. Lokacin girbi lokacin sarar maciji ne, musamman kububuwa, wadda ke lafewa a ƙarƙashin tarin kara da harawa, kuma launinta ya saje da ƙasa. Mai ɗaukar hoto yana da wata ɗabi'a mai haɗari, ja da baya ido na kan allo. Ka sa takalmi rufaffe, ka duba bayanka, kada ka cusa hannu ƙarƙashin dami. Yaranka da suka tashi a birni kuma su kwana cikin gidan sauro tun daren farko, domin ƙarshen damina ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kama mutane.

Idan kana son tsuntsaye, shamuwa tana barin gari da ɗaukewar ruwa, sai wata daminar. Belbela na nan a bayan shanu. Wata rana kuma, bayan ka natsu, ka nemi mota zuwa dausayin Baturiya a ƙasar Haɗejiya, inda tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai ke sauka daga wajen Oktoba su yi watanni. Masuntan wurin za su gaya maka yadda ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Amma wannan tafiya ce ta daga baya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A birni ka saba ganin fili ka ɗauka na kowa ne. A ƙauye babu taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Wannan gonar da ta burge ka gumin mai ita ne na wata biyar: sharar gona, kai taki a kan jaki, shuka, noman farko, maimai, bashin takin zamani da ya ci da tsada, da daren da ya kwana yana duban gabas ko hadari zai taso. Kafin ka ɗaga waya, ka yi sallama. Ka ce sannu da aiki, ka tambayi gajiya, ka tambayi iyali, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, jikan wane. Wataƙila ya san mahaifinka fiye da yadda ka san shi. Ka ce Allah ya amfana abin da aka samu. Bayan haka ne za ka ce, "Baffa, in ka yarda ina so in ɗauki hoton gonar nan, ta yi mini kyau." Mafi yawa za su yarda, har su gyara tsayuwa. Wanda ya ce a'a, ka yi godiya ka mai da wayar aljihu, kada ka laɓe daga nesa ka ɗauka. A ƙauye babu abin da ke ɓoyuwa, akwai yaron da ya gan ka.

Ka kuma lura da yadda manomi ke amsa tambayar yawan abin da ya samu. Ba zai ce maka dami kaza ba. Zai ce, "Alhamdulillahi, an samu na tuwo." Kada ka ɗauka rowar magana ce. Rufin asiri ne. Yana tsoron kambun baka, yana tuna masu binsa bashi, yana tuna dangin da za su zo neman ƙwarya ɗaya ɗaya, yana kuma jin nauyin maƙwabcinsa da fari ko tsuntsayen jan-baki suka yi wa ɓarna. Idan ka ɗauki dammunansa a jere yadda kowa zai iya ƙirgawa, ko ka leƙa bakin rumbunsa da kyamara, sannan ka watsa a Facebook da sunansa da sunan unguwa, ka tona abin da ya rufe da hannu biyu. Kai a ganinka yabo ka yi. Shi kuwa ba zai ce maka komai ba, domin kai ɗan gida ne kuma kana da ɗan hali, amma daga ranar gaisuwarku za ta gajarta, kuma za ka daɗe ba ka gane dalili ba.

Mata kuwa, ɗana, ka ji tsoron Allah a kansu. Masussuka, bakin rijiya, wajen ɓarar zoɓo, wuraren da ido ya fi so ke nan, kuma nan ne mace ke sakin jiki, mayafi ya zame, zane ya ɗage saboda aiki. Ba ta shirya wa idon duniya ba. Hoton budurwa guda da ya shiga TikTok, samari suka yi ta yawo da shi suna sa masa waƙa, yana iya ɓata maganar auren da iyaye suka shekara suna ƙullawa. Idan lallai kana son aikin sussuka da shiƙa ya shiga ajiyarka, kuma ya cancanci shiga, to ka fara da gidanku. Ka nemi izinin gwaggonka ko innarka, su kimtsa, ko ka ba matarka ko 'yarka wayar ta ɗauka. Sau da yawa hannaye da taɓarya da faifai sun isa, ba sai fuska ta fito ba. Haka yaran mutane: kada ka ɗauki yaro cikin tsumma da majina ka watsa da sunan tausayi ko da sunan "rayuwar ƙauye." Yana da uba, kuma uban yana da mutunci. Maƙabarta kuma wurin addu'a ce, ka shige ta da wayarka a aljihu.

Dole in yi maka maganar tsaro, ko da ba ta da daɗi. Ka san abin da ke faruwa a Zamfara, da yammacin Katsina wajen Batsari, Jibiya da Faskari, da gabashin Sakkwato, da Birnin Gwari, inda a wurare da yawa manomi ba ya girbe gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, kuma ake ɗauke mutum don kuɗin fansa. Yankin da nake maka magana a kai ya fi waɗannan kwanciyar hankali, muna roƙon Allah ya dawwamar, ya kuma kawo wa 'yan'uwanmu sauƙi. Amma mutumin da ya dawo daga Legas ya yi sabon gini, a idon mugu mai kuɗi ne ko da fansho yake jira. Wayoyi da yawa suna manna wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, ka shiga saitin kyamara ka kashe wannan. Kada ka sa hoton ƙofar gidanka, ko motarka da lambarta, ko ranar da iyalinka za su taso da hanyar da za su biyo. Hoton garken wani ma haka, domin satar shanu da leƙen asiri take farawa. Gawo da faɗuwar rana ba su da abokin gaba, su ka watsa in kana so. Sauran ka ajiye.

Kada kuma a san ka da riƙon waya kawai. Kaka lokaci ne da hannu ke ƙaranci. In ka ji an kira gayya, ka je, ko da abin da za ka iya shi ne jan dami zuwa amalanke ko sayen goro da ruwan sanyi ga masu aiki. Za su yi maka dariyar yadda hannunka ya yi laushi, ka bar su su yi, da irin wannan ake komawa ɗan gari. In an noma maka gona kafin ka iso, ka fitar da zakka tun a masussuka idan ta kai nisabi, wato wusƙi biyar, sa'i 300: kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka sha wahalar ban ruwa. Ka tambayi limamin gari yadda ake aunawa da mudun wurin. Ka je gaida mai unguwa da dagaci a kwanakin farko, tare da wani babba na gidanku, ka cire takalmi ka ce ranka ya daɗe, ko da a birni kai darakta ne.

Gonar gado kuwa, ka bi ta a hankali. Wataƙila ɗan baffanka ne ke nomanta shekara talatin, ya zuba mata taki, ya kare iyakarta daga masu ci da kunya ɗaya ɗaya, ya raini itatuwan da kake sha'awar ɗauka. Idan ka iso ranar farko kana zagaya iyaka kana ɗaukar hoto, shi ba kyan gona zai gani ba, zai ga mai haɗa hujjar zuwa kotu. Ka bari ya kwashe amfaninsa. Ka zauna da shi da dattawan gida, a yi magana a gaban shaidu, a san abin da yake aro, da abin da yake jingina, da abin da yake gado ba a raba ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa takardar mallakar filin karkara a hannun ƙaramar hukuma, kuma yana da kyau ka yi takarda bayan an daidaita. Amma takarda ba ta noma, ba ta kuma zuwa jana'iza.

Ka sani kuma, kaka rigar Sallar ƙauye ce. A cikinta ake bukukuwan aure, a yi kalankuwa inda ba a bar ta ba, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito, kasuwar Maigatari ta cika ran Alhamis, motoci su yi ta jigilar riɗi da zoɓo da wake zuwa Dawanau. Wanda ya yanke hukunci a kan zaman ƙauye da abin da ya gani a Nuwamba zai sha mamaki a Afrilu. Kafin nan samari sun watse cin rani, rijiya ta ja baya, zafi ya hana barci a ɗaki, hatsin da aka sayar da araha da kaka ana sayensa da tsada, mai naƙuda kuma sai an nemi mota zuwa asibitin da ke nesa. Ban faɗi wannan don in karya maka gwiwa ba. Na faɗa ne don ka sayi hatsinka na shekara tun yanzu, ka yi tanadin ruwa da magani, ka shirya zuciyar iyalinka, musamman matar da ta bar 'yan'uwanta da sana'arta ta biyo ka cikin mafarkin da naka ne. Kuma idan bazara ta zo kada ka ajiye kyamara. Ka ɗauki layin jarkoki a bakin famfo, ka ɗauki gona fayau da iska na kwasar ƙasarta. Wanda ya ɗauki kaka kaɗai ya faɗi rabin magana.

Me ya sa na damu da ka ɗauka, bayan duk wannan kashedi? Saboda abin da muke gani kullum shi ne ke ɓacewa ba mu ankara ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tara buhuna har aka yi dalar gyaɗa da duniya ta san Kano da ita. Mutanen lokacin sun ɗauka abin zai dawwama. Farin 1973 ya zo, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta biyo baya, hankalin hukuma ya koma kan man fetur, dala ta ɓace. Yau yaron Kano bai san ta ba sai a hoto, kuma yawancin tsofaffin hotunan ƙasarmu baƙi ne suka ɗauka, da idonsu, don bukatarsu, sau da yawa ba tare da sun rubuta sunan mutumin da ke ciki ba. Hoto yana kuma iya ba da shaidar alheri. A Jamhuriyar Nijar, daga shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturan itatuwa su tofo a gonakinsu suna yi musu aski, abin da suke kira sassaben zamani, wanda wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. Ba a gane girman aikin ba sai da masana suka ɗauko tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarun 1970 suka gwada da na shekarun 2000, suka ga ƙasa mai faɗin kusan hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa, da yawansu gawo ne. Ba don wani ya ɗauki hoton farko ba, da babu abin gwadawa.

Don haka ga aikin da nake ba ka. Ka zaɓi wurare uku ko huɗu da ba sa motsi: gindin kukar bakin gari, kan tudun da ake hango fadama, bakin tsohuwar rijiya, kusurwar gonarku. Ka tsaya a daidai wuri ɗaya, ka fuskanci gefe ɗaya, ka ɗauka da kaka, ka sake da rani, ka sake da marka, ka maimaita kowace shekara. Bayan shekara goma za ka ga da idonka ko itatuwa ƙaruwa suke ko raguwa, ko rairayi na matsowa, ko gine-gine sun cinye gonakin bakin gari. Ka ɗauki rumbun kara da rufewar ƙasa tun suna nan, buhu da shago suna korarsu. Ka ɗauki irin gero da dawa na gargajiya da tsofaffi ke ajiyewa a rataye a ɗaki. Sannan ka samu dattijo ko tsohuwa ka nuna musu hoton kowace ciyawa da kowane tsuntsu, su gaya maka sunansa da amfaninsa: wannan gamba ce ta zana, wannan tafasa, wannan yaɗiya, wannan maganin shawara ne, wannan in akuya ta ci kumburi take. Ka rubuta yadda suka faɗa. Yawancin abin da suka sani babu shi a littafi, kuma kowace shekara ana binne wani daga cikinsu.

Ajiya ita ce inda mutane suka fi sakaci. Waya tana faɗuwa a rijiya, ana sace ta a kasuwa, yaro yana goge komai da yatsa ɗaya. Duk ƙarshen wata ka kwafe hotunanka wuri biyu, kwamfuta da katin ajiya, ɗaya ya zauna a wani gida dabam. In za ka aika wa ɗanka ta WhatsApp don ya adana, ka aika a matsayin fayil, domin in ka aika kai tsaye manhajar tana matse hoton ta rage masa kyau. Waɗanda suka fi muhimmanci kuma, in ka shiga Kano ko Dutse, ka kai a wanke maka su a takarda. A bayan kowanne ka rubuta da fensir sunan wuri, kwanan wata, sunan wanda ke ciki da sunan mahaifinsa. Ka sa su a akwatin ƙarfe, ka ɗora a kan wani abu nesa da bango saboda gara da danshin damina. Ka riƙa wanke biyu-biyu. Ɗaya naka, ɗaya kuma ka kai wa mai gonar har gida, da hannunka, bayan sallar la'asar lokacin da yake zaune a ƙofar gida. Dattawa da yawa a ƙauye hotonsu ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, kuma 'ya'yansu za su so su samu wanda ya nuna mahaifinsu a tsaye cikin gonarsa.